Shekarar da Na Saka Inna Tumba a Rediyo

Ku 'ya'yana kun tashi kuna jin ana kiran Inna Tumba da wani suna a Argungu, wai Ta-Hayaƙi, kuma na san kun sha tambayar juna a bayan idona daga ina ya fito, tunda ba wanda ya iya tarata da maganar. Ke Sadiya har dambe kika taɓa yi da wata yarinya a bakin kasuwa saboda sunan nan, kika dawo da hijabi a yage, na yi miki faɗa da baki alhali a zuciyata albarka nake sa miki. To yau ku saurara. Ba maƙiyi ne ya raɗa mata shi ba. Ni ce, uwarku, wadda ta goya a bayanta. Na daɗe ina son in faɗa, rantsuwa ta ɗaure min baki, sai bara da aka kai ta makwancinta na samu izini.

Inna Tumba ƙanwar mahaifiyata ce. Ban cika shekara huɗu ba uwata ta rasu, aka ɗauke ni aka kai mata, ita kuwa Allah bai ba ta haihuwa ba. Mijinta Baba Manu basarke ne, cikin masuntan da suka gaji ruwa kaka da kakanni, kuma a daminar da na zo gidan gulbi ya ci shi. Ban riƙe fuskarsa ba, ƙafafunsa kawai nake tunawa, manya masu faso. Inna ba ta sake aure ba. Da bandar kifi ta ci da ni, ta tufatar da ni, ta kai ni har kwalejin horon malamai. Rumfarta tana bayan gida, an kewaye ta da asabari, murhu uku a jere, tarwaɗa a nannaɗe kan raga. Kullum baƙin zane na rini take ɗaurawa, don hayaƙi ba ya barin farin tufa ya kwana biyu, ɗankwalinta a karkace ya rufe gira ɗaya. Doguwa ce, ba ta dariya a gaban mai ciniki, kuma tana da wata munduwar tagulla da take bugawa a bakin daro sau uku kafin ta yanke magana. In ka ji ƙwal, ƙwal, ƙwal, to an gama, ko sarkin ruwa ne ya zo da kansa ba ragi. Da la'asar rana kan ratso asabarin nan ta zana mata layi-layi a fuska, hayaƙi na tashi tsakanin layukan. Tun ina yarinya nakan tsaya in saki baki ina kallonta haka har sai ta daka min tsawa.

"Ke Kulu, mi kike kallo? Ba ki taɓa ganin mutum ba? Ɗauko man icce."

Shekarar da nake ba ku labari ina da talatin, muna zaune a gidajen Gesse a nan Birnin Kebbi, babanku yana aikin gwamnati, ni ina koyar da Hausa a makarantar 'yan mata. Sadiya na goye, kai Bashar ba ka zo duniya ba. Katanga ɗaya ta raba mu da wasu mutanen Filato, Kiristoci, Maman Dauda da mijinta mai gyaran rediyo da bidiyo. Ita tela ce, mace mai dariya har da riƙe ciki, in ta ga dama ta leƙo ta katanga ta ce, Malama, me kika dafa ne, hancina ya hana ni ɗinki. Wani Bature da ya gama koyarwa a garin nan zai koma ƙasarsu ya bar wa mijinta kwali guda na kaset, duk tsofaffin fina-finai baƙi da fari, waɗanda ba mai so don ba rawa, ba waƙa, ba kala. Mu biyu muka gaje su. In an kawo wuta bayan azahar, na dawo daga makaranta, sai ta ƙwanƙwasa katanga da almakashi, in suri Sadiya in zagaya. Mu toshe tagogi da zannuwa ɗaki ya yi duhu, ga gyaɗa ga zoɓo, mu baje. Turancin mutanen fim ɗin ta hanci yake fita, kuma da gudu, rabi nake kamawa, Maman Dauda ta cike min sauran, kuma na rantse rabin abin da take cikewa daga kanta take fito da shi.

Kusan duk labarinsu ɗaya ne. Wani namiji mai bincike, da hula da doguwar kwat, gajiyayye, yana zaune a ofis yana busa sigari. Sai mace ta shigo. Doguwa, baƙaƙen kaya, hula a karkace ta rufe ido ɗaya, hasken taga ya zana mata layi-layi a fuska, hayaƙi na tashi. Ta ce mijinta ya ɓace, a taimake ta. Kafin a gama sai ka tarar ita ta kashe shi, mai binciken kuwa ko dai ta ja shi ya hallaka, ko ya miƙa ta ga hukuma zuciyarsa na ƙuna. Ke Sadiya ce da kika shiga jami'a kika faɗa min irin fina-finan nan suna da suna da Faransanci, wai baƙin fim. Mu dai na matan nan muke ce musu. Kuma ba zan ɓoye muku ba, matan sun tafi da hankalina. Duk labaran da na taso da su, da waɗanda nake koyarwa a aji, mace ko dai mai haƙuri ce tana kuka a ɗaka, ko muguwa ce mummuna mai haƙora waje. Waɗannan kuwa sukan shigo ɗaki kowa ya yi tsit, su zauna ba a ce su zauna ba, su kalli namiji ido cikin ido har shi ya sunkuyar da kai. Ranar da na fara ganin ɗaya daga cikinsu sai na ce, Maman Dauda, wallahi na san matar nan. Ta ce, a ina, a Amurka? Muka yi ta dariya har Sadiya ta farka.

A cikin bazarar nan Inna ta zo mana kwana biyar, hayaƙi ya fara cin idonta na kai ta asibiti. Rana ta uku muka ja ta kallo. Ta ƙi kujera, ta zauna kan tabarma ta miƙe ƙafa, Maman Dauda na fassara mata da hannu da ƙafa. Da fim ya kai tsakiya sai ta nuna akwatin talabijin da haɓa.

"Wai shi wanga mai hula, shi kaɗai ka magana? Tun ɗazu shi ka hwaɗin abin da tay yi, shi ka hwaɗin abin da ta nuhwa. Ita ba ta da baki?"

"Inna, ai shi ke ba da labarin," in ji Maman Dauda.

"To shi yas sa ta zan muguwa. Ku ba ta bakin ku gani, in ba ku yi mata kuka ba."

Muka fashe da dariya, muka ce Inna ta zama lauyar Turawa. Da aka zo inda 'yan sanda suka tafi da matar, ta tashi ta kakkaɓe zane ta ce ita takalmin baiwar Allah ne kawai bai yi mata ba, mutum da hankalinsa ya hau kan ƙusa yana tafiya. Maganarta ta farko da kunnena na ji ta, na yi dariya, na bar ta ta wuce. Da na riƙe ta da ban jawo mana abin da na jawo ba.

A lokacin akwai wani shirin mata a rediyo ran Alhamis da la'asar, inda ake karanta gajerun labaran da masu saurare suka aiko. Na taɓa aika biyu, duk na wa'azi, mace ta yi haƙuri ta ga riba. An karanta, amma ko babanku bai kai ƙarshensu ba gyangyaɗi ya ɗauke shi. Bayan Inna ta koma sai wani labari ya taso min kamar zazzaɓi. Kwana uku na rubuta shi a bayan littafin shirin darasi, tuwo ya ƙone min sau biyu. Na ɗauko matar fim na sauke ta a bakin gulbinmu. Na cire mata hula na ɗaura mata ɗankwali a karkace, na ƙwace sigarin na ba ta murhun banda, na sa mata munduwa mai bugu uku. Mai binciken na maishe shi ɗan sanda baƙo da aka turo garin, kuma shi na ba bakin ba da labari, kamar yadda na gani. Mijin matar basarke ne mai layar gado, wadda ruwa ba ya cin mai ita. Ta lallaɓa yana barcin rana ta kwance ta. Washegari zai fita su, ta tsaya a bakin rumfa cikin hayaƙi ta ce masa, in ruwa ya ci ka, kada ka ce ban faɗa maka ba. Da jimlar nan ta faɗo min sai na ajiye biro na yi wa kaina tafi, na ce kai, Kulu, ashe ke ma marubuciya ce. Na raɗa wa matar Ta-Hayaƙi.

Babanku ya karanta a tsaye, ya ninke takardun ya miƙo min.

"Malama, labari ya yi daɗi. Sai dai matar nan ai na ci tuwonta."

"Mata nawa ke banda a gulbin nan? Kowa da munduwarta."

"Kowa da munduwarta, amma ba kowa ce ruwa ya ci mijinta ba."

Na ce masa ƙirƙira ce, shi da ya ƙare a kan fayil me ya sani game da adabi. Kun dai san bakina. Ya ce Allah ya ba da sa'a, ya sa hularsa ya fita masallaci. Har ya koma ga Allah bai taɓa ce min ai na faɗa miki ba, kuma wannan na cikin abin da nake roƙa masa Aljanna saboda shi. Ni a raina ado na yi wa Inna. Tsayinta da kwarjininta na ara, mugun aikin kuwa nawa ne, ni na ƙaga. Ban taɓa jin wata laya ta Baba Manu ba. Abin da aka faɗa min duk tsawon rayuwata shi ne jirginsa ya kife, kwanansa ya ƙare.

Aka karanta labarin Alhamis biyu a jere. Jama'a, gari ya ɗauka! Ɗalibaina na buga biro a tebur sau uku suna ƙyalƙyala dariya, matan Gesse na tare ni a hanya, mai shirin ta aiko a ce min wasiƙu sun cika mata tebur daga Zauro har Kamba, tana son Ta-Hayaƙi ta riƙa fitowa kowane mako, da sunana a kai. Kaina ya kumbura. Na fara rubuta kashi na biyu, har na tanadar mata wani mijin da za ta hallaka. Sati uku ina cikin wannan maye, ban taka Argungu ba, ban aika gaisuwa ba. Sai ran wata Asabar Maman Dauda ta je can sayen kifi, kamar yadda takan yi in za su yi taro a coci. Da ta dawo ba ta ƙwanƙwasa katanga ba. Ta ƙofa ta zagayo ta yi sallama, kuma tunda na san ta ranar na fara ganin fuskarta ba dariya.

"Malama, murhun Inna ba wuta. Duka ukun. Na taɓa tokar da hannuna, sanyi ƙalau. Matan unguwa sun ce masunta sun daina ba ta kifi tun ranar da aka gama labarin nan. Yara na bin ta a hanya suna ƙwal, ƙwal, ƙwal." Ta share ido da bakin zane. "Mu ne da fim ɗinmu, Malama. Ki tafi."

Washegari na goya Sadiya na shiga motar Argungu. Na tarar da Inna a rumfa, zaune kan turmi a kife tana tsintar shinkafa, ga ƙaramar rediyonta rataye a jikin asabari. Ban taɓa ganin rumfar nan ba hayaƙi ba, ashe 'yar ƙarama ce. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa kamar kullum, ta karɓi Sadiya tana yi mata wasa, tana cewa an rame, uwarki na can tana rubutu ta mance da ke. Sai da ta ba ni ruwa na sha sannan ta dube ni.

"Wa yag gaya miki?"

"Inna, wallahi ba wanda ya gaya min komai. Ƙagawa na yi, irin na fim ɗin nan da kika gani."

"Ƙagawa," in ji ta. "Maganag ga da maccen tay yi bakin rumhwa, ke kinka ƙaga ta?"

"Ni na ƙaga ta."

"Ni niy yi ta. Nan inda kike durƙushe. Kina bisa bayana."

Sannan ta ba ni labarin da duk tsofaffin Argungu suka sani ban da ni. Baba Manu yana da laya ta baƙar fata da yake ɗaurawa a ƙugu, tun daga kakansa take, kuma Sarkawa sun yarda ruwa ba ya cin nasu sai da hannun wani. Da aka tsamo shi bayan kwana biyu, masu wanka suka ga shatin igiya a ƙugunsa, laya babu. Maƙwabta kuwa sun ji faɗan da suka yi da safen da ya fita, sun ji abin da ta ce masa da kunnensu. Danginsa suka ce ita ta kwance. Shekara biyu ba basarken da ya sayar mata da ko ƙaya, sai ta bi ta hannun wasu. A hankali maganar ta kwanta, manya suka mutu, yara suka tashi ba su sani ba. Shekara ashirin da shida tana binne, sai ga ni na tono ta na kai rediyo, da sunan ɗiyar da ta rena a kai. Mutane suka ce to, ai ga shi nan, ta cikin gida ta fasa. Ina kuka na ce mata to ina layar ta tafi, ta faɗa musu mana. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

"Wagga jar laya da kinka tashi da ita ga ƙugu, wadda nic ce miki ta uwarki ta, tana ina?"

"Tana cikin akwatina."

"To in kin koma ki tsaga jar hwatar, ki ga abin da ag ciki."

Ta ce tun da aka kawo ni ba abin da nake nema sai gulbi. An ce min uwata ta yi tafiya, ni kuma na sa a raina ƙetare ta tafi. Sau biyu ana kamo ni a bakin gaɓa, na ukun sai da Baba Manu ya yi nutso ya ciro ni. Ranar ya kwance layarsa ya ɗaura min. Inna ta ce a nemo min wata, ya ce wannan ita ya yarda da ita, shi ya iya ruwa, yarinya ba ta iya ba. Kwana uku suna wannan rigima, ga gulbi ya cika ya batse, a rana ta uku ya ɗauki homarsa ta kamun kifi zai fita ta faɗa masa abin da ta faɗa, don tsoro ba don ƙiyayya ba. Da aka fara cigiyar laya sai ta kwance ta daga jikina ta kai wa wani baduku a wani gari ya rufe ta da jar fata, ta dawo ta maida min.

"Da sun gan ta gare ki, mi kike zato za su ce? Marainiya ta ci uwatta, ta zo ta ci mai gida. Wa za ya ɗauke ki? Wa za ya amre ki? Ni babba ta, ina iya ɗauka."

Kada wani cikinku ya zo min da wa'azi. Na sani, laya ba ta hana ajali, Inna ma da bakinta ta ce kwanansa ne ya ƙare. Amma shi ya yarda da ita, kuma abin da ya yarda shi ke tsare ransa shi ya kwance ya ɗaura wa 'yar da ba shi ya haifa ba. Ita kuma ta ɗauki sunan mai kisan kai ta yafa, don kada ko gefensa ya taɓa ni. Na miƙe tsaye na ce gobe zan je gidan rediyo in faɗi komai, in ɗauki layar in kai wa danginsa su gani da idonsu. Sai na ji munduwa a bakin daron shinkafa, ƙwal, ƙwal, ƙwal.

"Zamna. Ƙannen Manu na nan da ransu, kuma ɗiyarki macce ta. Ban ɗauki abin ga shekara ashirin da shidda don ki zubas da shi yini guda ba. Kin yi magana sau guda ba ki tambaye ni ba. Yanzu ki yi man kurum har in mutu. Rantse."

Na rantse. Da ta zage ni, da ta kore ni, da ya fi min sauƙi. Na koma gida ina da abin da zai wanke ta tas a ƙasan akwatina, ƙarƙashin zannuwan aurena, ba halin fitarwa. Jar fatar ma ban iya tsagawa ba.

Na je wurin mai shirin na ce mata Ta-Hayaƙi ta mutu. Ta roƙe ni, ta yi fushi, ta ce na raina masu saurare, ta ba wata filin. An karanta sanarwa cewa labarin ƙage ne bai shafi kowa ba, abin da ya ƙara tabbatar wa mutane cewa ya shafi wata. Abin da ya rage min shi ne ƙafata da kaina. Kowace Juma'a in an tashi makaranta sai in goya Sadiya in tafi Argungu, Asabar da safe in ɗaura baƙin zane in sauka bakin gulbi da daro, in tsaya cikin masu sayen kifi, ni Malama mai rediyo. Na sha kallo, na sha habaici. Wasu suka ƙi sayar min, wasu suka sayar don su ga ko zan iya ɗauka a ka. Ranar da na fara kawo kifi gida, da takardun kashi na biyu muka tada wuta, Inna na turawa cikin murhu tana cewa yau dai rubutuna ya yi amfani. Maman Dauda kuwa ta haɗa matan cocinsu da matan Gesse, duk mai son banda sai ta Inna, har ta riƙa ciko bokiti tana kawowa Birnin Kebbi tana ajiyewa a bakin shagon ɗinkinta. Babanku ya ci tarwaɗa a shekarar nan har ya ce in aka ƙara masa zai fara iyo. Kafin wata damina murhu biyu sun dawo. Na ukun bai ƙara ganin wuta ba, sunan kuma bai fita ba. Da shi aka san ta har tsufa, har a bakin waɗanda ba su san mafarinsa ba.

Shekara bakwai ban ƙara rubuta ko layi ɗaya ba. Inna ce ta maishe ni, da gori, wai ke da kinka iya ɓata mutum ba ki iya gyara shi? Daga nan na fara gajerun labaran da kuka sani, kuma in kun lura, a cikinsu duka mace ce ke ba da labarinta da bakinta, ko muguwa ce ko ta kirki. Ba wayona ba ne, a kan tabarmar Maman Dauda aka koya min, na makara wajen ji. 'Yan matan da ke zuwa wurina yanzu da rubutunsu sukan tambaye ni daga ina labari ke zuwa. Nakan ce musu, in jimla ta faɗo miki daga sama tana ƙyalli, ki dakata ki tambayi kanki a bayan wa kika ji ta, sannan ki je ki gaishe ta kafin ki aika ko'ina. Fina-finan nan har yau ina son su, ina kallonsu a wayar da Bashar ya saya min, wani lokaci in kira Maman Dauda can Jos mu yi ta musu a kan wanda muka gani shekaru talatin da suka wuce. Sai dai yanzu in matar ta turo ƙofar ofis ta shigo cikin hayaƙi, nakan ce, baiwar Allah, ke kuma wa kike rufa wa asiri?

Bara a ɗakina na nan Gesse ta yi jinyar ƙarshe, idon ya riga ya tafi gaba ɗaya. Wani hantsi ina shafa mata man zafi a ƙafa ta ce in ta mutu in rubuta, in kai layar ga wanda ya rage cikin dangin Manu, kuma kada in mance in ce ita doguwa ce, wannan dai na iya. Bayan sadakar bakwai na kai. Ƙanensa na ƙarshe, tsoho tukuf, ya sa aska ya tsaga jar fatar a gaban 'ya'yansa, baƙar ta fito. Ya shafa ɗinkin da ɗan yatsa, ya daɗe yana shafawa. Sannan ya ce a nemo mota a kai shi kabarin Inna. Saboda haka daga yau duk wanda ya kira ta da sunan nan a gabanku, ba sai kin yi dambe ba Sadiya, ku ba shi wannan ya karanta.

Amma a hantsin nan, kafin in rufe kwalbar man, na yi mata tambayar da na shekara talatin ina tsoron yi.

"Inna, da aka tsamo Baba Manu, kina ganin layarsa a jikina, ba ki tsane ni ba? Ko na yini ɗaya?"



"Kwana ukku," in ji ta. "Ban iya kallonki ba. Ran na huɗu kinka ja man zane, kinka ce kina jin yunwa."

"Sai me, Inna?"

"Sai mi? Sai nit tashi nih hura wuta."